Hajiya Maimuna Ce Ta San Ƙofar

Wai Hajiya Maimuna ta rasu.

Haka aka ce min da safen nan. Ina tsugune gaban murhu a gidan mutane, ina jiran ruwan wankan maijego ya tafasa, sai waya ta yi ƙara a ƙullin zanina. Na ɗauka, mai aikin gidansu ce, tana kuka. Na ce wace Maimuna? Ta ce Madam. Na ce wace Madam? Sai ka ce Madam goma gare ni.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu ban gane ba. Mai aikin ta ce kanta ne ya sara jiya a ofis, ta ce a kashe mata esi, sai ta kife a kan tebur. Direban mijinta ya ce a'a, a mota abin ya same ta suna hanyar gida. Wata ta ce jini ne ya hau. Wannan ya ce an wuce da ita Katsina, waccan ta ce a nan za a yi mata sutura bayan azahar. Na sa hijabi na cire, na sake sawa. Ban san inda zan dosa ba.

Ni ce Inna Asabe mai wankan jego, ta Bwari. Ban yi boko ba, waya ma ɗauka kawai na iya. 'Yata Lami tela ce ke rubutawa a shafinta, ni ina faɗa. Na ce mata yadda magana ta fito daga bakina haka za ta sa, kar ta yi mata kwalliya, ba ɗinkin biki ba ne.

Ga abin da ya sa na ce a rubuta, tun ba a ma binne ta ba.

Akwai wata yarinya da nake wa wanka yanzu. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi unguwa ba, gidajen da nake shiga da yawa. Haihuwar fari ce, ta ƙaru sosai, an yi mata ɗinki, amma abu bai zauna ba. Ba ta iya riƙe iska, in bayan gida ya matso ta kuma ba ta kaiwa. Jibi Alhamis Hajiya Maimuna za ta zo da mota ta kai mu wajen likitan da ke duba irin wannan. Ran Asabar uwar mijin za ta tafi da yarinyar ƙauye.

To ga shi yau Talata, an ce Hajiya ta rasu.

Ni kuma ban san ƙofar ba.

Bari in faɗa muku yadda na san ta, ko za ku gane abin da nake nufi, don ni kaina ya kulle.

Lokacin da ta haifi Nabil, ɗanta na fari, wanda yanzu ya fi ni tsawo, aka zo har Bwari aka ɗauke ni. Aka ce matar wani oga ce a wajen Utako, ita ma ma'aikaciya ce a minista, uwarta ta zo daga Katsina amma ƙafa ta hana ta tsugunno, ana son mai wanka ta zauna har arba'in. Na ɗaure kayana, na yanko ganyen darbejiya dami guda, na sayi kanwa mai kyau, na tafi da ƙarfina.

Na iske Maimuna kwance a gefe ɗaya, ba ta iya zama. Fuska ta yi fari fat.

Uwarta ta ja ni kicin ta ce, "Ta ƙaru." Na ce Hajiya ai ba komai, wace ce ba ta ƙaru ba? Ruwan zafi zai haɗe ta. Ta ce a'a, wannan ta yage har baya, sai da aka shiga da ita ɗakin tiyata aka ɗinke.

Ni a lokacin ban san akwai irin wannan ba. Ko in ce na sha gani, amma ban san sunansa ke nan ba. Mu basir muke cewa, ko sanyi, ko a ce jego ne bai gasu ba.

Na hura wuta, ruwa ya tafasa, na jiƙa ganye. Na zo ɗaukarta sai ta ce, "Inna, likita ya hana. Ruwan ɗumi kawai, wanda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki. Ba fyaɗa ganye a wajen, ba shiga baho mai tururi, ba cusa komai."

Na ce kunun kanwa fa?

Ta ce kaɗan, ko a bari.

Na ce yaji?

Ta yi dariya har ta riƙe ciki ta ce, "Inna, so kike ki kashe ni?"

Ni da uwarta muka tsaya muna kallon juna. Uwar ta ce wannan wane irin jego ne, jegon Turawa? Ni kuwa raina ya sosu. An ɗauko ni wanka, an hana ni wanka. Me zan zauna yi, gadin firji? Washegari na ɗaure kayana na ce a mayar da ni Bwari.

Ta ce a kira mata ni. Ta ce uwarta ta ɗan ba mu wuri. Ta kama hannuna, nata da zafi.

Ta ce, "Inna, ba don ruwan zafi nake so ki zauna ba. Duba zanin gadon nan."

Na duba.

Ta ce, "Ban ji fitarsa ba. Wallahi ban ji ba. Ba na so Mama ta gani, za ta yi ta kuka. Ba na so Baban Nabil ya gani. Ke kin saba ganin jikin mata."

Na kwance kayana.

Abin da na yi ke nan a gidan. In surka ruwa, in wanke ta a hankali, in tsane da tsumma mai laushi, in canja zanin gado kafin kowa ya shigo. Akwai wani ruwan magani mai zaƙi da suka ba ta don bayan gida ya yi laushi kar ɗinki ya ɓalle. To shi kuma in ya yi laushi sai ya riƙa zuwa ba sallama. A bari, ɗinki ya tsage. A sha, zani ya ɓaci. Na ce wannan wane irin magani ne, gaba kura baya sayaki? Har yau ban gane hikimarsa duka ba, amma ta sha har ranar da suka ce ta daina.

Sai na lura tana mayar da abinci. A kawo tuwo ta tsakura, a kawo farfesu ta sha romo ta ture. Nono ya fara ja baya, yaro na ta tsala ihu. Na ce ke lafiya? Ta ce in ba ta ci ba, ba abin da zai fita.

Na ce to in ba ki ci ba shi ma ba abin da zai shiga.

Ta jawo kwanon.

Abin da ya fi sa ta kuka salla ce, bayan jini ya ɗauke. Ta yi alwala, kafin ta kai kan darduma iska ta fita. Ta koma. Ta dawo. Ta koma. Wata rana na iske ta zaune a bakin banɗaki, hannu jiƙe, la'asar na neman wucewa, ta ce, "Inna, ko Allah ba ya son tsayuwata ne?" Na ce kul, kar in ƙara ji. Amma ni ma ban san amsar ba. Sai da ta kira malamarsu ta Islamiyya, ta daure ta faɗa mata. Malama ta ce mai lalura irin wannan ta yi alwalarta idan lokaci ya shiga, ta yi sallarta, abin da ya fita ba da sonta ba Allah ya ɗauke mata. Ranar ta yi salla tana kuka, ni ina bayanta riƙe da Nabil ina nawa.

Arba'in ta cika ban tafi ba. Na ƙara wata da watanni.

Asibiti suka haɗa ta da wata mata mai koya motsa jiki. Ba irin na gudu ba, na can ƙasa. Ki matse kamar kina hana iska fita, ki riƙe, ki saki. Na ce yanzu wannan ma sai an je makaranta? Ta ce, "Inna ke ma ki riƙa yi, na ji ki ranar da kika yi tari kika tashi da sauri." Na ce ke, ba ki da kunya? Ni sa'ar uwarki ce. Ta ce, "Kunyata ta ƙare tun a gadon asibiti."

Lami na dariya. Rubuta, ai gaskiya ce. Kuma na yi, kuma na ga amfaninsa.

Ranar da za ta koma ofis ta yi wanka ta sha ado, ta fito ta shiga mota, ta fito ta dawo ɗaki. Ta ce lif take tsoro. Wai wani akwati ne da ke hawa da mutane sama, a cunkushe, shiru, kowa na jin numfashin kowa. Ta ce in abin ya zo a ciki fa? Na ce babu matakala? Ta ce akwai, bene ne mai tsawo. Na ce to hau da ƙafa. Haka ta yi ta hawa da ƙafa, 'yan ofis suna cewa Madam na rage ƙiba.

In za a yi mitin, kusa da ƙofa take zama. Ba ta cin wake, ba ta shan madara in da fita. Jakarta kullum da abin canji a naɗe a leda. In danja ta tsayar da ita a hanya sai ta ce, "Inna kar ki yi min magana, ina aiki." Matsewar nan take yi.

A hankali abu ya yi sauƙi. Bayan gida ya daina kufce mata. Iska ce dai wani lokaci, in ta gaji ko cikinta ya ɓaci. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta koma kamar ba a yi ba. Ita da bakinta take cewa, "Na warke warkewar da zan iya rayuwa da ita." Da ta samu ciki na biyu likitoci suka zauna da ita, suka ce a yi aiki a ciro, kar a sake taɓa wajen. Haka aka yi, aka samu mace.

To bayan nan ne ta ɗora min wani aiki da ban nema ba.

Ta zo har ɗakina a Bwari, ta zauna a kan tabarma ta ce, "Inna, a arba'in ɗin nan wa ke ganin jikin maijego?" Na ce ni. Ta ce, "Miji?" Na ce ina fa. Ta ce, "Likita?" Na ce ai an sallame ta. Ta ce, "To ke kaɗai ce. Duk gidan da kika shiga, in kun keɓe a banɗaki, ki tambaye ta: kina iya riƙe iska? Kina kaiwa bayan gida?"

Na ce Hajiya, a kore ni? Wa ke tambayar mutum wannan?

Ta ce, "Babu. Shi ya sa."

Ta ce in na ga mai mayar da abinci, ko mai wanke zaninta da kanta a ɓoye alhali ga mai wanki, ko wadda ba ta son 'yan barka su daɗe a ɗaki, in sa ido. In maijego ta amsa, in kira Hajiya. Ta ce kuma in ba su labarinta, da sunanta, kar in rage komai. "Ki ce musu matar nan mai mota da kuke gani, ita ma ta ɓata zanin gado."

Shi ya sa nake faɗa yau. Ita ta ba ni izini, a gaban mata ma ta sha faɗa da bakinta a wajen suna. Ko izini yana mutuwa in mai shi ya mutu, wannan ban sani ba. In na yi kuskure Allah ya yafe min, danginta su yafe min.

Farko na ji nauyi. Sai in yi ta kewaye-kewaye, ina zuba ruwa ina cewa jiki dai lafiya ko? Su ce lafiya lau. Har na koyi faɗa kai tsaye. Wata ta ce Allah ya kiyaye, ta yi dariya, shi ke nan lafiyarta ƙalau. Yawanci haka ne. Amma wata sai ta yi tsit. In ta yi tsit na san an zo wajen.

Sai in sa Lami ta kira min Hajiya. Abin da take fara tambaya kullum: akwai zazzaɓi? Akwai wari ko ruwa a ɗinkin? In akwai, ranar za ta baro ofis. In babu, ta sa rana, ta zo da mota.

Ba ta tambayar ke wace ce. Akwai wata 'yar Filato mai sayar da abinci, ba ni na yi mata wanka ba, maƙwabciyar gidan da nake wanka ce. Ta ji muna magana ta katanga, ta tare ni a hanya ta ce, "Mama, wannan abu da kuna faɗa, ni ma yana yi min." Ita tata ta daɗe, yaron har ya yi wayo. Tana cikin masu waƙa a cocinsu ta daina, don in ta ɗaga murya sai abu ya kufce. Hajiya ta kai ta, aka sake mata aiki. Ran da ta koma waƙa ta aiko mana da hoto ta waya, ta sha farar riga. Hajiya ta yi ta nuna min tana cewa, "Inna kin ga mutuniyarki."

Wasu motsa jikin kawai ya ishe su. Wasu sai da aka sake ɗinki. Akwai wadda aka yi wa komai, har yau da saura, tana dai lallaɓawa. Na tambayi Hajiya me ya sa wata ke warkewa wata ba ta warkewa, ta ce ita ma ta tambaya, amsar da aka ba ta tana da tsawo. Ta ce, "Amma ba wadda muka kai ta dawo ta ce gara da ba ta je ba."

Duk zuwan nan ina tare da su. Amma ku ji irin zuwana. Ita ce a gaba da takardu, tana Turanci da nas-nas, maijego a tsakiya, ni a baya riƙe da jariri da fulas. Idona na kan jariri kar a buge shi, da kan gyalenta kar in ɓata. Asibitin nan gari ne guda. A bi doguwar baranda, a karya, a hau bene, a sauko wani wajen. Na san akwai inda ake karɓar kati, na san akwai benci mai sanyi da muke zama, na san likitar mace ce mai tabarau, akwai kuma namiji wani lokaci. Lami ta tambaye ni sunan sashen, na ce wajen su Hajiya. Ta ce sunan likitar fa? Na ce Dakta.

Ban taɓa kawowa a raina zan je ba ita ba. Ita ce yarinya, ni ce tsohuwa.

Ganina da ita na ƙarshe, satin da ya wuce ne, a gidan yarinyar nan.

Ita yarinyar sai da ta wahalar da ni. Na tambaya ta ce lafiya. Na sake ta ce lafiya. Amma kunu na kwana a kofi, nama na komawa kicin, ta rame, yaro ba ya ƙoshi. Uwar mijin, baiwar Allah, tana ƙoƙarinta. Ta ce basir ne na jego, ta sa aka kawo sassaƙe daga ƙauye, tana dafawa tana ba ta, ta ƙara kanwa a kunu. Ciki ya ƙara sakewa. Sai ranar da na ga ta cusa zani a bayan buhun gawayi, na ɗauko na wanke na shanya. Da muka shiga wanka ta fashe da kuka.

Hajiya ta zo daga ofis kai tsaye, da katinta rataye a wuya. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta gaida uwar mijin har ƙasa. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin katifa, inda yarinyar ba ta bari kowa ya zauna. Yarinyar ta ce, "Anti kar ki zauna nan." Ta ce, "Na zauna a wanda ya fi wannan, nawa ne kuma."

Ta ce yunwa take ji, me aka dafa? Aka kawo tuwon masara miyar kuɓewa. Ta wanke hannu ta ce ita ba ta iya ci ita kaɗai. Haka ta sa yarinyar ta ci, loma tana bin loma, tana ba ta labarin lif. Na ji dariyar yarinyar nan, ban taɓa ji ba sai ranar.

Mijin direba ne, a tashar Utako yake lodi. Ya dawo ya iske mota a ƙofar gida, ya tsaya yana sosa kai. Hajiya ta fita ta same shi a zaure, ni ina bayanta.

Ya ce, "Madam, ai Mama ta ce basir ne. In ta je gida aka yi mata na gargajiya zai wuce."

Ta ce, "Oga, Mama ta yi iya abin da ta sani, Allah ya saka mata. Amma wannan nama ne ya yage, na riƙewa. Ni ma ya same ni."

Ya ce, "Ke, Madam?"

Ta ce, "Ni. Na yi wata da watanni ba na kaiwa banɗaki. Ga ni nan, ina tuƙi, ina aiki, na ƙara haihuwa."

Bawan Allah ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kalli ƙasa, ya kalli rufi, ya kalli makullin motarsa. Can ya ce, "To tunda ke ce za ki kai ta da kanki, ba komai." Uwar ma ta ce ta yarda, za ta ɗaga tafiya zuwa Asabar, a je a ji abin da likita zai ce, in ya ce a zauna a zauna.

Kun ji. Tunda ke ce.

Na raka ta mota. Ta ce kanta na ɗan ciwo, ta ce gosulo ne da rana. Na ce ki sha magani. Ta ce to. Ta tada mota, ta sauke gilashi ta ce, "Inna, in kin shiga kasuwa ki samo min daddawa ta Gwarawa, ba irin ta leda ba. Ran Alhamis in karɓa." Na ce an gama. Ta ce, "Kar ki bari ta daina cin abinci."

Shi ke nan. Ba wata magana babba. Na sayi daddawar, ga ta can a kwano ɗaki duk ya ɗauka.

Ciwon kan nan ne? Tun ranar ne? Ko wani ne daban? Lami ta ce in daina, ba ni da sani. To ba ni da shi.

Da aka kira ni ɗazu, a gidan yarinyar nake. Ta ji salatina ta fito. Na so in ɓoye, bakina ya riga ni. Ta tsaya riƙe da ƙofa, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Shi ke nan Inna, Allah bai yi ba." Ta koma ta kwanta ta juya wa bango fuska. Kunun da na dama mata yana nan yadda na ajiye.

Uwar mijin ta yi salati ta yi addu'a, sannan ta ce to ko su tafi gobe, tunda mai kaiwar babu.

Na ce a'a, Alhamis tana nan.

Ta ce wa zai kai ku?

Na ce akwai.

Ban san wa nake nufi ba. Bakina ne ya faɗa.

Anjima in mijin ya dawo zan je in same shi. Ban iya magana irin ta Hajiya ba, ba ni da mota, ba ni da kati a wuya. Zan dai ce masa ni na wanke matarka, na ga abin da ban iya gyarawa da ruwan zafi ba. In ya ce a'a zan koma gobe. Motar zuwa ba ta dame ni ba, shi kansa direba ne. Ƙofar ce. In muka je muka yi ta yawo a baranda, tana jin tsoron abu ya kufce mata a cikin mutane, aka ce mana ba nan ba ne ku koma can, ku dawo wani watan, na san yarinyar nan. Ba za ta sake zuwa ba.

Shi ya sa na ce Lami ta rubuta. Ta ce mutane da yawa na karanta shafinta saboda ɗinki, har matan da na yi wa wanka.

Ke da Hajiya Maimuna ta taɓa ɗauka a motarta, na san kina nan. Ba zan kira sunanki ba, ko a hanya muka haɗu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Amma ke kin shiga ɗakin, kin san benen, kin san sunan likitar, wataƙila katinki na nan a jaka. Ki yi wa Lami magana ta inda ba mai gani. Ki zo ran Alhamis da safe ki wuce gaba, mu bi ki. Yarinyar za ta rufe fuskarta, ke ma in kin so ki rufe taki. Ba mai tambayarki yadda aka yi kika san hanya.

Ya Allah, ga Maimuna nan ta zo maka. Ta rufa wa bayinka asiri a inda suka fi jin kunya, ka rufa mata nata. Ka wanke ta tas, ka yalwata mata kabari, ka sa can ya fi mata nan. Ka ba Baban Nabil da yaran nan biyu da tsohuwarta haƙuri. In da hakkin wani a kanta ka sauke mata.

Ku da kuka karanta, wanda ya san ta da wanda bai san ta ba, ku sa ta a addu'a, kowa yadda ya iya. In an tabbatar da inda za a yi zaman gaisuwa, don Allah wani ya gaya wa Lami, har yanzu ba mu sani ba.

Ku haɗa da yarinyar nan, Allah ya sa ta ci abinci yau.